Dalilin Shuɗin Sama da Abin da Hazon Hunturu ke Koyarwa a Kansa

Tsakure

Takardar nan ta bibiyi dalilin da ya sa sama ke bayyana shuɗiya, tun daga bayanin Al-Kindi a Bagadaza har zuwa lissafin Rayleigh da na Mie. Hujjarta ita ce, launin sama ya dogara ne ga girman abin da haske ya ci karo da shi a cikin iska idan aka gwada shi da tsawon zangon hasken. Sauyin da samanmu ke yi tsakanin damina da hunturu shi ne shaida mafi kusa da ɗalibanmu, kuma ya kamata darasin haske a makarantu ya riƙa farawa daga nan.

Gabatarwa



Duk wanda ya koyar da babin haske a sakandare ya san amsoshi biyu da ɗalibai ke bayarwa idan aka tambaye su dalilin shuɗin sama. Wasu su ce launin teku ne ke haskawa a sama. Wasu kuma, waɗanda suka yi hadda, su ce iska ce ke warwatsa shuɗin haske fiye da sauran launuka. Amsar farko ba ta da wuyar rushewa. Agadas ta fi kilomita 1,000 daga teku mafi kusa da ita, amma ranar da iska ta washe samanta shuɗiya ce shar. Shi kansa tekun, wani ɓangare na launinsa daga sama yake aro, sauran kuma ya samo asali ne daga yadda ruwa mai zurfi ke shanye jan haske.

Amsa ta biyu ce ta fi damuna, domin daidai take amma ba ta da ƙafar tsayuwa. A tambayi ɗalibin nan ya duba sama a tsakiyar Janairu, lokacin da ƙura ta cika iska kuma haske ke warwatsuwa fiye da kowane lokaci, ya faɗi abin da ya sa ta zama fara maimakon ta ƙara shuɗi. Nan zai yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Yawancin littattafan da muke koyarwa da su an tsara su ne da misalan ƙasashen da ba su san hunturu irin namu ba, saboda haka suna ba da rabin bayanin su tsaya.

Yadda aka zo ga amsar

Tambayar tsohuwa ce. A ƙarni na 9, Abu Yusuf Yaƙub ibn Ishaƙ Al-Kindi ya rubuta risala guda a Bagadaza kan wannan launi. Ya ƙi yarda cewa sama wani rufi ne mai launin kansa. A ganinsa, rana na haskaka ƙura da tururin da ke cikin iska, bayansu kuma duhu ne, to haɗuwar wannan haske da wancan duhu ce ido ke gani shuɗi. Bai kai ga cikakkiyar amsa ba, amma ya dasa abubuwa biyu da har yau suke tsaye: launin a cikin iska ake yin sa, kuma abin da ke bayan iskar baƙi ne. Shekaru ɗaruruwa bayan haka Leonardo da Vinci a Italiya ya zo da kusan wannan ra'ayi, yana kafa hujja da siririn hayaƙin itace wanda ke bayyana shuɗi idan bayansa akwai duhu.

A 1666 Isaac Newton ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai gefe uku, ya nuna cewa farin haske tarin launuka ne, waɗannan da muke gani a bakan gizo. Daga baya, ta aikin Thomas Young a farkon ƙarni na 19 da na James Clerk Maxwell a shekarun 1860, aka tabbatar cewa haske kaɗawa ce mai tafiya, dangin igiyar rediyo. Masu sauraren gajeren zango sun saba jin an ce tasha tana kan mita 31 ko mita 19. Haske ma haka yake da tsawon zango, sai dai nasa ƙarami ne ƙwarai, ana auna shi da nanomita, wato milimita ɗaya a kasa ta gida miliyan a ɗauki ɗaya. Ja yana wajen nanomita 700, kore wajen 530, shuɗi wajen 450, shunayya kuma wajen 400.

A 1869 John Tyndall a Landan ya haska fitila mai ƙarfi ta cikin bututun gilashi mai ɗauke da tururin wasu sinadarai. Yayin da ƙwayoyi suka fara haɗuwa a ciki, suna ƙanana ainun, sai bututun ya ɗauki shuɗi mai kyau. Da ƙwayoyin suka girma, shuɗin ya dusashe ya koma fari. Ina roƙon a riƙe wannan sauyi, domin a kansa takardar nan take tsaye.

Wanda ya ba abin lissafi shi ne John William Strutt, wanda daga baya aka sani da Lord Rayleigh. A 1871 ya nuna cewa idan ƙwaya ta yi ƙanƙanta sosai a kan tsawon zangon haske, ƙarfin warwatsawarta yana ƙaruwa da gajarcin zangon har ninki huɗu a jere. Ma'ana, in aka rage zango zuwa rabi, warwatsuwar ba ninki 2 za ta yi ba, 2 sau 2 sau 2 sau 2 za ta yi, wato 16. In muka raba 700 da 450 za mu sami kusan 1.56. A ninka wannan da kansa sau huɗu, ya ba da kusan 5.9. Ke nan shuɗin haske yana warwatsuwa kusan ninki shida na ja. Shunayya kuwa ta haura ninki tara.

Da farko shi ma Rayleigh ya bar ƙofa a buɗe cewa ƙwayoyin wasu baƙin abubuwa ne da ke yawo a iska. Sai a 1899 ya nuna cewa ba a bukatar ƙura ko tururi: ƙwayoyin iskar da kansu, naitirojin mai kashi 78 cikin 100 da oksijin mai kashi 21, sun isa su ba da shuɗin da muke gani. Faɗin kowace ƙwaya bai kai rabin nanomita ba, wato zangon haske ya ninka ta fiye da sau dubu. Haske kan kaɗa cajin lantarkin da ke cikin ƙwayar, ita kuma ta sake fitar da hasken ta ko'ina, kuma kaɗawa mai sauri, irin ta shuɗi, ta fi fitar da ƙarfi. Marian Smoluchowski a 1908 da Albert Einstein a 1910 suka ƙarasa bayanin, inda suka nuna cewa rashin daidaiton cunkoson ƙwayoyin daga wuri zuwa wuri shi ke hana hasken da suka warwatsa ya kashe juna.

Idan rana na tsaka kuma iska tsaf take, kimanin kashi 20 cikin 100 na shuɗin haskenta ne ke kauce wa hanya kafin ya iso ƙasa, na ja kuwa bai kai kashi 4 ba. Wannan da ya kauce shi ke zuwa mana daga gabas da yamma da kudu da arewa. A duniyar wata, inda babu iska, hotunan 'yan sama jannatin Apollo 11 na 1969 sun nuna ƙasa tana ƙyalli da hasken rana amma sama baƙa ƙirin.

Ɗalibi mai kaifin hankali zai ce, in haka ne me ya hana sama zama shunayya. Dalilai biyu ne suka haɗu. Rana ba ta aiko da shunayya da yawa kamar shuɗi, sannan idon mutum yana da nau'i uku na ƙwayoyin gane launi, kuma dukansu ba su da ƙarfi a can ƙarshen bakan. Hasken sama ya ƙunshi dukkan launuka, gajeru sun fi yawa, dogaye kaɗan. Ido kan karanta wannan haɗi a matsayin shuɗi da aka sirka da fari.

Samanmu a hunturu

A arewacin Chadi, tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce ƙasan wani babban tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ce. Da ruwan ya janye, ya bar farar laka mai laushi, yawancinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun biyu, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari. Masana sun sanya Bodele a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar kan biyo ta Maiduguri da Damagaram da Kano da Sakkwato, ta gangara har bakin teku, wani kaso ma ya tsallaka Atlantika zuwa dazukan Amazon.

Ƙwayar wannan ƙura a ido ba komai ba ce, amma a ma'aunin haske ƙatuwa ce. Yawancin nauyinta yana cikin ƙwayoyi masu faɗin maikiromita 1 zuwa 10, alhali zangon hasken da muke gani yana tsakanin maikiromita 0.4 da 0.7, wato nanomita 400 zuwa 700. Ke nan ƙwayar ta kai zangon girma, ko ta ninka shi sau da yawa. A nan sharaɗin Rayleigh ya faɗi. Lissafin da ya dace shi ne wanda Gustav Mie ya wallafa a Jamus a 1908, yana binciken launukan ruwan da aka zuba wa ƙananan ƙwayoyin zinariya. Abin da lissafin ya nuna shi ne, babbar ƙwaya ba ta da zaɓi tsakanin launuka, ja da kore da shuɗi kusan daidai take warwatsa su, haɗinsu kuwa fari ne. Sannan mafi yawan hasken gaba take tura shi, kusa da hanyar da ya taho.

Duk abin da muke gani a ranar hazo yana cikin waɗannan maganganu biyu. Da hantsi a Kano a irin wannan rana, sama fara ce fat daga bango zuwa bango, gefen da rana take ya fi ko'ina ɗaukar ido, ita ranar kuma ta zama farin faifai mai gefe sarai. Inuwar bishiya ta yi laushi, wani lokaci ta ɓace, saboda haske na zuwa ta ko'ina. Dutsen Dala, wanda a damina ake hango shi daga nesa, sai an matso kusa yake bayyana. Idan nisan gani ya faɗi ƙasa da kilomita ɗaya, jiragen sama kan kasa sauka. Ƙwayoyin naitirojin da oksijin suna nan a wannan rana, suna aikinsu kamar kullum, shuɗin bai je ko'ina ba. Farin hasken ƙura ne ya fi shi yawa ya binne shi. Inda ƙurar ta ƙunshi tsatsar ƙarfe da yawa, irin ta jar ƙasa, takan shanye wani ɓangare na shuɗin, shi ya sa wata ƙurar ke sa sama ta yi ruwan ƙasa ko ja-ja.

A gwada da Agusta ko Satumba, bayan an tafka ruwa da dare. Ɗigon ruwa ya wanke iska, ya sauko da manyan ƙwayoyi ƙasa. Tsakanin gajimare sai ka ga shuɗi mai zurfi wanda ba a ganin irinsa a Janairu, kuma a gefensa gajimaren fari ne tas, domin ɗigon da ke cikinsa faɗinsa ya kai maikiromita 10 zuwa 20. Rayleigh da Mie ke nan gefe da gefe a sama guda. Iska mafi tsabta ita ce mafi shuɗi, wannan kuma ya isa ya nuna cewa ba ƙura ke haifar da launin ba.

Ana ganin abu ɗaya a madafar gidajenmu. Siririn hayaƙin da ke tashi daga busasshen itace, in aka dube shi a gaban bangon da ya yi baƙi, shuɗi-shuɗi yake, saboda ƙwayoyinsa ba su kai maikiromita ɗaya ba. Tururin da ke fita daga tukunyar tuwo a kan murhun nan fari ne, saboda ɗigon ruwa ne manya. Hayaƙin ƙonar daji a Disamba ma ƙanana ne ƙwayoyinsa, saboda haka hazon wannan wata sau da yawa gauraye ne na abu biyu masu hali daban.

Masana yanayi sun mai da wannan bambanci ma'auni. Anders Angstrom na Suwidin ya gabatar da wani adadi a 1929 wanda ke nuna yadda dusashewar hasken rana ke sauyawa daga launi zuwa launi. Ga ƙwayoyin iska zalla adadin 4 ne. Ga hayaƙi yana tsakanin 1 da 2. Ga ƙurar hamada yana sauka kusa da sifiri. Akwai na'urorin da ke wannan awo kullum a Ilorin da kuma Banizumbu, gabas da Yamai, ƙarƙashin tsarin AERONET na hukumar NASA, kuma bayanansu a buɗe suke a intanet ga duk mai so. Abin takaici ne a ce ɗalibin kimiyya a jami'o'inmu ya gama digiri bai taɓa buɗe waɗannan alƙaluma ba, alhali samansa ake aunawa.

Faɗuwar rana da shafaƙi

Lokacin da rana ta kai bakin faɗuwa, haskenta yana ratsa iskar da ta ninka ta tsakar rana kusan sau 38. A wannan doguwar tafiya shuɗin da ke isowa kai tsaye bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, ja kuwa kusan rubu'insa na tsira. Shi ya sa rana ke yin ja, gajimaren yamma ya ɗauki ruwan goro. Amma wannan ma sai iska tana da tsabta. Mutane da yawa suna ɗauka ƙura ce ke ƙawata faɗuwar rana, alhali a hazo mai kauri ranar ba ta ko kai bakin sama, tun tana da sauran tafiya take dusashewa ta ɓace cikin toka-toka.

Wannan ya shafi rayuwarmu kai tsaye. A mazhabar Malikiyya lokacin Isha'i na shiga ne da ɓacewar jan shafaƙi, jan nan kuwa hasken rana ne da ya ratso doguwar iska ya haskaka samanta bayan ita ranar ta faɗi. Haka ma ganin jinjirin wata ya dogara ga tsabtar iskar da ke can ƙasa-ƙasa ta yamma, daidai inda ƙura ta fi taruwa. Hukunci na malaman fiƙihu ne, amma sanin abin da hazo ke yi wa haske zai amfani duk mai duban wata. Magabata ba su raba waɗannan ilimomi ba. A ƙarni na 11 Ibn Mu'az Al-Jayyani na Andalus ya yi amfani da tsawon lokacin shafaƙi, a kan cewa yana ƙarewa idan rana ta yi ƙasa da kusan digiri 19, ya lissafa tsayin iskar da ke iya maido da haske, ya sami abin da ya kai kimanin kilomita 80.

Akwai wani abu da lissafin Rayleigh shi kaɗai bai iya bayyanawa ba. Bayan rana ta faɗi, tsakiyar sama takan ci gaba da zama shuɗiya, har ma ta ƙara zurfi, alhali hasken da ya rage ya riga ya rasa shuɗinsa a hanya. A 1953 Edward Hulburt a Amurka ya nuna cewa iskar ozon ce, wadda ta fi yawa a tsayin kilomita 20 zuwa 30. Tana shanye rawaya da ruwan goro da wani ɓangare na ja, kamar yadda James Chappuis ya gano a Faransa a 1880. Da rana tasirinta kaɗan ne, amma da almuru, da haske ke ratsa ta a kaikaice, ita ke riƙe da mafi yawan launin.

Girman ƙwaya kan juya lamarin gaba ɗaya a wasu lokuta. Bayan aman wutar dutsen Krakatoa a Indunusiya a 1883, an ga rana da wata sun yi shuɗi ko kore a wurare da dama, saboda ƙwayoyin da suka bazu girmansu kusan ɗaya ne, wajen maikiromita ɗaya, irin wanda ke warwatsa ja fiye da shuɗi. A duniyar Mars, inda iska ba ta da kauri kuma ƙura ce ke mulki, sama ruwan ƙasa ce da rana, kewayen rana kuma shuɗi ne a lokacin faɗuwa, kamar yadda na'urar Curiosity ta ɗauko a 2015.

Abin da za a iya yi a aji

Gwajin da aka fi sani shi ne na madara. A cika kofin gilashi da ruwa, a ɗiga madara kaɗan, a rufe tagogi a haska tocila daga gefe. Ta gefe ruwan zai yi shuɗi-shuɗi, in aka leƙa tocilar ta cikin ruwan kuma za ta yi rawaya ko ruwan goro. Yawancin malamai a nan suke tsayawa, ɗalibi ya tafi da tunanin cewa sai an zuba wa iska wani abu kafin ta yi shuɗi. Shawarata a ci gaba da ƙara madarar har ruwan ya koma fari, a ce wa ɗalibai ga sama a hunturu, a kuma bayyana musu a fili cewa a sama ta gaskiya iskar ce da kanta ke yin aikin ɗigon farko. A nan ya kamata malami ya faɗi cewa yawan ƙwayoyi ma kan kawo fari, domin haske na ta karo yana sake karo har launuka su cakuɗe. Dalilin da ya sa ko a rana mafi tsabta bakin sama ya fi tsakiyarta fari ke nan.

Na biyu shi ne ma'aunin shuɗi. A 1789 Horace-Bénédict de Saussure na Janeba ya rina takardu da shuɗi daki-daki, mataki 53 daga fari zuwa kusan baƙi, ya jera su a da'ira yana gwadawa da sama. Alexander von Humboldt ya hau dutsen Chimborazo a Kudancin Amurka da irin wannan da'ira a 1802, ya karanta mataki na 46, saboda iskar da ke samansa ta ragu. Ɗalibanmu za su iya yin tasu da kwali da bulan wanki, mataki goma ko sha biyu sun wadatar. Sharuɗɗan su ne a riƙa awo a lokaci ɗaya kullum, da hantsi ko da la'asar, a juya wa rana baya, a dubi wuri ɗaya a sama, kada kuma kowa ya kalli rana kai tsaye ko da hazo ya rage mata ƙarfi. A gefen kowane adadi a rubuta ko an yi ruwa jiya, da abu mafi nisa da ake iya hangowa daga harabar makaranta, hasumiyar masallaci ce ko tankin ruwa ko dutse. Kwalin kan koɗe in ya sha rana, saboda haka a ajiye shi cikin littafi, a kuma rina biyu tun farko don a riƙa gwada ɗaya da ɗaya. In makarantu biyu ko uku, a ce ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Zariya, ɗaya a Jos, suka yi wannan daga Satumba zuwa Maris suka haɗa takardunsu, za a iya ganin ranar da ƙura ta iso kowane gari, a kuma gwada da abin da na'urar Banizumbu da ta Ilorin suka rubuta a makon.